Kaza da Aiki, Sheƙa da Suna

Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun ina yaro nake jin wannan karin magana, amma ban taɓa ganin ta a cikin kwanon miya ba sai a birnin Guangzhou na kudancin ƙasar Sin, a gidan wata dattijuwa wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, ni kuma ba na jin yarenta na Kanton sai gaisuwa.

A lokacin ina zaune a can ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, ina raka su masana'antu da shagunan sari. Hunturun shekarar ya kayar da ni da mura mai tsanani. Murar ta wuce, ta bar ni da tari wanda ya ƙi tafiya har kusan wata guda. Na je asibiti an ba ni magani ina sha, amma na rame, abinci ya fita raina. Ran nan wani abokin aikina Basine, wanda muka shekara biyu muna zirga-zirga tare, ya ce mini mahaifiyarsa ta ji labarin tarina, ta ce lallai in zo gidansu ranar Lahadi, za ta dafa mini yanwo da kaza.

Sinancin da nake ji ya isa in gane kalmar: yan tsattsewa ke nan, wo kuma sheƙa. Ban damu ba da farko, domin na san Sinawa da raɗa wa abinci suna mai ban dariya. Suna da wani girki da suke kira tururuwa na hawan bishiya, alhali taliya ce da niƙaƙƙen nama. Na ɗauka wannan ma haka yake. Abokina ya yi dariya ya ce a'a, sheƙar tsuntsu ce ta gaske, kuma tsuntsun da yawun bakinsa yake gina ta.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, cikina ya juya. Kwana uku na yi ina neman dalilin da zan fake da shi. Na fara da addini, domin shi ne uzurin da na san ba mai ja da shi. Abokina ya ce mahaifiyarsa ta riga ni tunani, in bar mata zancen kaza da tukunya. Na koma kan sheƙar kanta, na bincika, sai na tarar Majalisar Malaman Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi kuma ta fi kowace samar da wannan sheƙa, ta ba da fatawa a shekarar 2012 cewa sheƙar tsarkakakkiya ce, halal ce, in dai an wanke ta daga ƙazantar da ta manne mata. Da na ga haka sai na gane ba abin da ya rage mini sai ƙyama tsagwaronta. Ƙyama kuwa ba uzurin da mutum zai kai wa uwar abokinsa ba ne. Ranar Lahadi na sa kaya na tafi, zuciyata na dukan uku-uku.

Kafin in shigar da mai karatu gidan, bari in faɗi mene ne wannan abu. Tsuntsun ɗan ƙarami ne, ɗan uwan tsattsewar da muke gani tana shawagi da yamma, amma shi mazauninsa kudu maso gabashin Asiya ne: Indunusiya, Maleshiya, Tailan da Biyetnam. Yana kwana a cikin manyan koguna na dutse masu duhu, yana gane hanyarsa ta yin wata 'yar ƙara yana sauraren amsa-kuwwarta, kamar yadda jemage ke yi. Idan lokacin ƙwai ya zo, wasu ƙululai da ke ƙarƙashin harshensa sukan kumbura su riƙa fitar da yawu mai danƙo. Da shi yake zana zare a jikin bangon kogo, zaren ya bushe, ya ɗora wani a kai, dare bayan dare, har wata guda ko fiye. Abin da ke fitowa shi ne wata 'yar sheƙa mai siffar rabin ƙoƙo, wadda ba ta cika tafin hannu ba, nauyinta 'yan giram kaɗan. Akwai irin da ke gina farar sheƙa kusan zallar yawu, ita ce mai tsada. Akwai kuma irin da ke cuɗa yawun da gashinsa har sheƙar ta yi baƙi, ita kuwa aikin tsaftace ta ya fi yawa. Kilo ɗaya na mai kyau yana kai dubban daloli, shi ya sa ake lissafa ta cikin abinci mafi tsada a duniya.

Gidan nasu ƙarami ne, a hawa na biyar na wani tsohon bene marar na'urar hawa. Na gaishe ta da Ayi, wato kamar mu ce Inna, yadda ake kiran uwar aboki a can. Ta dube ni sama da ƙasa, ta faɗi wata magana, ɗanta ya fassara mini: wai yaron nan ya zama kamar sandar cin abinci. Sannan ta ja ni zuwa madafa ta nuna mini abubuwa uku. Na farko takardar da aka naɗo kazar a ciki, mai tambarin wani mahauci Musulmi da ke kusa da Masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar Sin. Da sassafe ta shiga mota ta je can da kanta. Na biyu sabuwar tukunyar tangaran, wadda ba a taɓa dafa komai a ciki ba. Na uku kuwa ta nuna mini kwalbar giyar shinkafa da suke ɗigawa a girki, ta girgiza kai, ta mayar da ita can saman kanta. Ɗanta ya ƙara mini bayani cewa a asalin girkin akan haɗa romon kazar da busasshen naman alade mai gishiri don ƙarin ɗanɗano, amma yau ta cire shi, ta ƙara yawan kazar a madadinsa.

Sai na ga sheƙar. Tana cikin farin kwano cike da ruwa, ta kwana a jiƙe, ta kumbura ta ninka girmanta sau da yawa, ta warware ta zama zare-zare masu sheƙi kamar jiƙaƙƙiyar taliyar shinkafa. Ayi ta zauna kusa da taga, ta sa tabarau, ta ɗauki ɗan hantsaki. Ashe ko sheƙar da aka sayar a matsayin tsabtatacciya ba ta rasa ƙananan gashin tsuntsu, wasu ba su kai gashin ido kauri ba. Tana ɗaga zare ɗaya ta duba shi a hasken rana, ta cire baƙin gashi, ta tsoma hantsakin a wani ƙoƙon ruwa, ta ɗauki na gaba. Dalilin sa farin kwano ke nan, don baƙin ya fito fili. Ɗanta ya ce tun jiya da dare ta fara, wannan zagaye na uku ne. Na zauna ina kallonta kusan awa guda. Hannunta na ɗan rawa saboda shekaru, amma ba ta bari ko ni ko ɗanta mu karɓe ta ba.

Ita kuwa kazar tun da hantsi take kan wuta. Tsohuwar kaza ce wadda ta gama ƙwai, domin a wurinsu ita ke ba da romo mai ƙarfi, abin da iyayenmu mata ma suka sani game da kazar gida. An fara tsoma ta a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci aka zubar da wannan ruwan da kumfarsa, aka wanke naman, sannan aka sa shi a sabon ruwa da yankakkiyar ɗanyar citta da 'yan jajayen 'ya'yan itace da suke kira jan dabino, waɗanda a gaskiya dangin magaryarmu ne. Wutar ƙasa-ƙasa take, ruwan yana motsi amma ba ya ɓararraka, har awa uku zuwa huɗu. Duk man da ya taso sai ta kwashe. Babu barkono, babu albasa mai yawa, babu ɗunƙulen ɗanɗano. Da ta tace romon sai ga shi garau, ruwan zinariya, kana hango ƙasan kwano.

A nan ne aka haɗa su. Ta zuba sheƙar a 'yar tukunyar tangaran mai murfi, ta zuba romon a kai da ɗan silallen naman ƙirjin kaza da aka yaga siriri, ta rufe, ta sa tukunyar a cikin wata babbar tukunya mai ruwa. Wuta ba ta taɓa 'yar tukunyar, zafin ruwan da ke kewaye da ita ne ke dafa abin da ke ciki. Mutanen Kanton sun shahara da wannan salon dahuwa. Minti talatin zuwa arba'in kawai sheƙar ke bukata, idan ta wuce haka sai ta narke ta ɓace a cikin ruwa, kuɗin mutum ya bi ta. Gishiri kaɗan aka sa a ƙarshe.

Aka ajiye mini kwano a gabana, uwa da ɗa suka zuba mini ido. Na yi bisimilla na kai cokali baki, ina shirin danne fuskata. Abin da na ji shi ne kaza. Romon kaza ne mai zurfi, mai tsabta, irin wanda ban taɓa sha ba, da ɗan ƙamshin citta a bayansa. Ita sheƙar da na kwana uku ina tsoro ba ta da wani ɗanɗano nata, sai ɗan ƙamshi mai kama da na farin ƙwai. Santsi gare ta da taushi, tana sulɓewa a harshe ɗauke da romon da ta sha. Na shanye kwanon. Ayi ta yi murmushi ta ƙara mini, ban ƙi ba.

A hanyar komawa gida ne karin maganar nan ta faɗo mini. Kaza ta ba da ranta, ta yi awa huɗu a kan wuta, duk daɗin da ke cikin kwanon nata ne. Amma sunan girkin na sheƙa ne, tsadar ta sheƙa ce, wanda ya ci kuma idan zai ba da labari cewa zai yi ya sha miyar sheƙa. Ba wanda ke tuna kaza.

Daga baya na gane Sinawa da kansu sun daɗe da lura da wannan. Akwai wani mawaƙi kuma masanin abinci mai suna Yuan Mei, wanda ya zauna a Nanjing ya wallafa littafin girki a shekarar 1792. A ciki ya yi bayanin cewa sheƙa sai da romo mai kyau, na kaza da makamantansa, kuma ya hana a cakuɗa ta da abu mai maiƙo. Ya kuma soki wata ɗabi'a da ya raɗa wa suna cin abinci da kunne, wato mutum ya so abinci don sunansa da tsadarsa, harshensa bai da ta cewa. Ya ba da labarin walimar wani babban jami'i inda aka cika manyan kwanuka da sheƙa da aka dafa a ruwa zalla, ba ɗanɗano ko kaɗan, amma baƙi suna ta rige-rigen yabo. A zamanin nasa ne Sarki Qianlong ke mulki, kuma takardun fadar da suka rage sun nuna sheƙa da kaza ko agwagwa na yawan fitowa a teburinsa. Abin da sarki ke ci kuwa, kowane mai kuɗi so yake a gan shi yana ci. Har wa yau a wannan ƙarni na 18 aka rubuta shahararren littafin Cao Xueqin, wanda za mu iya kira Mafarkin Jan Ɗaki, inda aka shawarci wata yarinya mai fama da tari ta riƙa shan kunun sheƙa da sukarin dutse kowace safiya. Wannan tsohon imani na cewa sheƙa tana gyara huhu shi ne ya sa Ayi ta kira ni.

Ba zan ce sheƙar ce ta warkar da ni ba. Tarin ya tafi bayan na ƙarasa maganin likita. Masu bincike sun samu sinadarin gina jiki a cikinta da wani sinadari da suke kira sayalik, amma manyan alkawuran da 'yan kasuwa ke yi, na gyaran fata da maido ƙuruciya da tsawon rai, ba a tabbatar da su da ƙwaƙƙwaran gwaji a kan mutane ba. Duk da haka kunne ya gina kasuwa mai girman gaske. A kogunan Gomantong da ke jihar Sabah a tsibirin Borneo, har yanzu maza na hawa tsanin igiya da gora, gomman mitoci sama a cikin duhu, suna ɓamɓaro sheƙa daga rufin kogo. Hukuma ta kayyade ɗiba sau biyu a shekara, ɗaya kafin tsuntsayen su yi ƙwai don su sake gini, ɗaya bayan 'ya'yan sun tashi, domin a wuraren da aka bar kwaɗayi ya yi yadda ya so yawan tsuntsayen ya ragu ƙwarai. Yau mafi yawan sheƙar daga gidajen siminti take fitowa, benaye marasa taga da ake ginawa a Indunusiya da Maleshiya, a sa lasifika tana kukan tsuntsun don ya shigo ya yi gini. Sannan akwai mata masu yawa da ke wuni sunkuye a masana'antu suna tsince gashi da hantsaki. Mai hawa tsani da mai tsince gashi su ma kura ne a wannan wasa, gardin yana can a shagon alfarma.

Inda kunne ya fi cutar mutane shi ne kan jar sheƙa. An daɗe ana cewa jan launin jinin tsuntsu ne, wai ya gaji da gini har yawunsa ya fito da jini, saboda haka ta fi amfani, ta fi tsada. Bincike ya nuna ba jini a ciki, tururin da ke tashi daga kashin tsuntsaye ne ke rina ta. Da 'yan damfara suka gane haka sai suka riƙa turara farar sheƙa da gangan don ta yi ja. A shekarar 2011 hukumomin lardin Zhejiang suka gano sinadarin naitirait mai yawan gaske a jajayen sheƙun da ke kasuwa, ƙasar Sin ta dakatar da shigo da sheƙa daga Maleshiya na wani lokaci, farashi ya faɗi warwas. Mutane sun biya kuɗi mafi yawa don su sayi abu mafi haɗari, saboda labarin ya yi wa kunnensu daɗi.

Da na karanta duk wannan na so in yi wa masu cin abinci da kunne dariya, sai na tuna kwana ukun da na yi ina neman hanyar gudu. Ni ma da kunne na ci. Attajirin da ke yabon sheƙa kafin ya ɗanɗana da ni da na ƙyamace ta kafin in gan ta, hukuncinmu daga wuri ɗaya ya fito. Shi ya ji kalmar tsada, ni na ji kalmar yawu. Alhali ni ne mutumin da ke shan zuma safe da yamma, ina sane da cewa daga cikin ƙudan zuma take fitowa. Ni ne na taɓa buɗe ledar soyayyar fara a gaban wannan abokin nawa, na ga ya ja da baya, na yi masa dariya na ce bai san daɗi ba. Daddawar da ba na iya shan miyar kuka sai da ita, baƙo warinta yake fara ji. Kowace al'umma tana da abin da ta saba da shi har ta manta asalinsa, tana kuma da saurin tuna asalin abincin wasu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai sai bayan makonni na ji shi. Muna cikin mota da abokina na tambaye shi nawa mahaifiyarsa ta kashe, don in san irin tukwicin da ya dace. Ya yi shiru, sannan ya ce ba saya ta yi ba. Ƙanwarsa da ke aure a wani gari ce ta kawo mata 'yan sheƙu a akwatin kyauta lokacin bikin sabuwar shekara, don ta ci ta ƙara lafiya. Tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa ce mai ɗan fansho, ba ta taɓa sayen irin wannan abu da kuɗinta ba. Ta adana su tana jiran ranar da ta dace. Da ta ji cewa abokin ɗanta, baƙo daga nesa, yana tari kuma ba uwa a kusa da shi, sai ta ce ranar ta zo.

Na rasa abin cewa. Na tuna yadda a ƙauyenmu tsohuwa ke kama kazarta guda ɗaya ta sa a yanka wa baƙo, ita ta ci tuwo da miya lami. Na kuma tuna cewa saura kaɗan in aika wa wannan baiwar Allah da ƙaryar cewa aiki ya riƙe ni. Da na yi haka, da ta mayar da kazar da ta tsallaka gari ta sayo, da sheƙar da ta kwana tana tsincewa, ta ce ba komai, ni kuma har abada ba zan san abin da na ƙi ba.

Shi ya sa idan aka tambaye ni yau ko miyar sheƙa ta cancanci kuɗinta, nakan ce a'a. Wanda ke son daɗin da na ji, ya nemi tsohuwar kazar gida da citta, ya rage wuta, ya yi haƙurin awa huɗu, zai samu kusan duka. Kada wani ya sayar da gonarsa don yawun tsuntsu. Amma kwanon da Ayi ta ajiye a gabana ba a kasuwa aka auna shi ba, kuma ba ni da abin da zan biya shi da shi. Abin da na iya kawai shi ne, da na je gida na dawo, na kai mata zuma daga Mambila da ƙullin kilishi. Ta ɗanɗani kilishin, yaji ya kama ta, ta yi ta tari tana dariya tana fifita bakinta da hannu. Ɗanta ya ce ta bari haka nan. Ta harare shi, ta miƙa hannu ta ɗauki wani yankin.